Fuska Mai Kwarmi: Tarihin Sassaƙar Jauhari da Wahalar Koyon Sabon Salonta



Gabatarwa

Watakila wasu daga cikinku sun yi mamaki da suka ga sanarwar wannan lacca, suka ce me ya haɗa malamin Hausa da sassaƙar duwatsu. Dalilin shi ne, duk wanda ya daɗe yana nazarin harshe, tilas wata rana ya tsaya a ƙofar masu sana'a, domin a wurinsu ake ganin yadda ilmi yake wucewa daga baki zuwa kunne, daga hannu zuwa hannu. Tambayar da ta kawo ni gabanku ita ce: me yake samun mai koyo idan aka sake wa sana'a tushe, ya zamana abin da magabata suka tara ya daina yi masa jagora? Na zaɓi in amsa ta da tarihin wata sana'a guda, watau sassaƙar jauhari, da wani salo nata da ya bayyana a Amurka a ƙarshen ƙarni na 20.

Kafin mu yi nisa, bari mu daidaita kalmomi. In na ce jauhari, ina nufin duwatsu masu daraja irin su daimon da yaƙutu da zumurrudu. In na ce sassaƙa, kada a ɗauka da gizago ake yi. Gurzawa ake yi sannu a hankali da garin wani dutse wanda taurinsa ya kai ko ya fi na wanda ake gyarawa. Kowane ɗan fili mai sheƙi da aka fitar a jikin dutsen, shi zan kira fuska. Sassaƙaƙƙen dutse yana da kai, watau sashen sama da ido yake gani, da gindi, watau sashen ƙasa mai tsini wanda yake ɓuya cikin zobe, da ƙugu inda suka haɗu. Fuska iri biyu ce a wannan lacca: shimfiɗaɗɗiya kamar allo, da mai kwarmi, wadda ta lotsa ciki kamar cikin ludayi.

Gadon shimfiɗaɗɗiyar fuska

A zamanin da, daga Indiya daimon yake fitowa, kuma akan bar shi kusan yadda Allah ya halicce shi, domin babu abin da yake iya cinsa. Sauran duwatsu kuwa mulmula su ake yi a goge, kamar yadda ake yi wa dutsen ado. A ƙarni na 14 ne masu sana'a a Turai, musamman a Venice ta Italiya, suka fara goge fuskokin da daimon ya zo da su, suna amfani da garin daimon ɗin kansa. A ƙarni na 15 aka fara gurje tsinin sama a sami fili guda mai faɗi. Ana danganta faifan ƙarfe mai juyawa, wanda ake shafa wa mai da garin daimon, ga wani mutumin Bruges a ƙasar Beljiyam ta yau, mai suna Lodewyk van Bercken, a rabin ƙarshe na wannan ƙarnin. Masana tarihi suna jayayya a kan wannan dangantawa, domin wani daga zuriyarsa ne ya yaɗa labarin bayan kusan shekara 200. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne faifan ya kafu, kuma birnin Antwerp ya zama cibiyar sana'ar.

Ku lura da wannan faifai, domin shi ne tushen maganarmu. Faifai shimfiɗaɗɗe ne, saboda haka duk abin da aka danna a kansa shimfiɗaɗɗe zai fito. Daga nan duk salon da ya biyo baya, ko na ƙarni na 16 mai fuskoki masu kusurwa uku, ko na ƙarni na 17 da na 18 da aka yi ta ƙara wa yawan fuskoki, a kan wannan ƙa'ida guda aka gina shi. Kowace fuska tana da karkata guda ɗaya tak, kuma duk inda fuska biyu suka haɗu, miƙaƙƙen layi suke bayarwa.

Lissafin haske

Me ya sa ake damuwa da karkatar fuska? Saboda ƙyallin jauhari ba daga jikinsa yake fitowa ba. Haske ne yake shiga ta kai, ya bugi gindi, ya dawo wa mai kallo. Idan haske yana cikin dutse ya doshi wata fuska, akwai wata iyaka. In ya zo mata kai tsaye ko kusa da haka, sai ya ratsa ya fice. In kuwa ya zo mata a karkace fiye da iyakar, ba ya iya fita, sai fuskar ta zame masa madubi. Wannan zan kira kusurwar iyaka, kuma kowane dutse da tasa. Ta daimon digiri 24 ce da 'yan kai, ta yaƙutu wajen 34 da rabi, ta kwaz, watau dutsen nan mai kama da ƙanƙara, wajen 40 da rabi. Idan masassaƙi ya yi wa kwaz gindi mai karkatar da ba ta kai wannan ba, haske zai zube ta ƙasa, har mutum ya hangi yatsansa ta tsakiyar dutsen. Masu sana'ar suna kiran wannan aibi taga.

Ƙa'idar lanƙwasar haske tsohuwa ce. Ibn Sahl ya bayyana ta a Bagadaza wajen shekarar 984, a cikin rubutunsa kan madubai da gilasai masu ƙona abu, kafin Snell na ƙasar Holan ya sake gano ta a 1621. A ƙarni na 11 kuma Albiruni ya rubuta littafinsa na jawahir, inda ya auna nauyin duwatsu don bambance na gaske da na jabu. Amma masassaƙa sun daɗe suna aiki da ido da gwaji kafin lissafi ya iso rumfarsu. Sai a 1919 wani saurayi daga gidan masu daimon na Antwerp, Marcel Tolkowsky, ya buga ɗan littafi a Landan, ya bi hanyar haske a cikin daimon da alƙalami, ya duba inda yake nufa bayan ya dawo, ya ce karkatar gindi ta zama digiri 40.75, ta kai kuma 34.5. Salon nan mai fuska 57 ko 58 da ake gani a zoben aure ya samo daidaitonsa daga wannan aiki.

Daga baya aka ƙera na'urori masu sanda da ma'aunin digiri, da wani ɗan gare mai haƙora, galibi 96, wanda yake juya dutsen daidai wa daida, kowane haƙori digiri 3.75. Wasu Amurkawa biyu, Robert Long da Norman Steele, suka tsara hanyar da fuskoki za su riƙa haɗuwa a ɗigo guda, kowace tana nuna wa mai aiki inda zai tsaya da ta gaba. Sa'an nan manhajar kwamfuta irin su GemCad ta zo, ta yadda mutum zai zana dutsensa ya ga kamanninsa tun bai taɓa faifai ba. Sakamakon duk wannan shi ne, mai koyon shimfiɗaɗɗiyar fuska magajin arziki ne. Za a ba shi takarda mai lambobi: karkata kaza, haƙori kaza. In ya bi ta da haƙuri, dutsensa na farko ma zai yi kyan gani. Ilmin shekara 500 an naɗe masa shi a shafi guda.

Idar-Oberstein da Munsteiner

Wanda ya fara girgiza wannan ƙa'ida a zamaninmu ɗan gado ne. A kudu maso yammacin Jamus akwai gari mai suna Idar-Oberstein a bakin kogin Nahe, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru yana gyaran aƙiƙ. Ruwa ne yake juya manyan duwatsun niƙa, masu aiki kuma rub da ciki suke kwanciya a kan benci, su tokare ƙafa, su danna aƙiƙ da dukan ƙarfinsu. Da aƙiƙ ɗin duwatsunsu ya ƙare, sai mutanen yankin da suka yi hijira zuwa Birazil suka sami wani a can, suka fara aiko da shi gida a shekarun 1830. Garin yana da alaƙa da mu ta wannan fanni, domin ya daɗe yana yin duwatsun ado na aƙiƙ musamman don kasuwannin Afirka, irin waɗanda fatake suka riƙa ratso Sahara da su.

A wani ƙauye kusa da wannan gari aka haifi Bernd Munsteiner a 1943. Ya koyi sana'ar a gidansu, ya yi karatun zane a Pforzheim, kuma tun a shekarun 1960 ya fara abin da tsofaffi suka ɗauka ɓarna ce: yana yanka ramuka da kwaruruka a bayan dutse, domin haske ya riƙa karyewa a kansu yana bayyana ta gaba. 'Yan kasuwar garin ba su karɓi abin da hannu biyu ba da farko, amma daga baya duniya ta san shi da wannan salo. Aikinsa mafi shahara shi ne wani akwamarin, shuɗin dutse mai kalar ruwan teku, da aka haƙo a Pedra Azul ta jihar Minas Gerais a Birazil. Guntun da ya zo hannunsa ya kusa kilo 27. An ruwaito cewa ya yi wata 4 yana kallonsa kawai, sa'an nan ya yi wata 6 yana sassaƙa, ya gama a 1993. Abin da ya fito doguwar hasumiya ce mai tsawon wajen santimita 35 da nauyin karat 10,363, watau kilo 2 da ɗan ɗori. An sa mata suna Dom Pedro, sunan sarakunan Birazil biyu na ƙarni na 19, kuma a 2012 aka fara nuna ta a gidan tarihin Smithsonian a Washinton. Munsteiner ya rasu a 2024.

Na'urar Hoffman

Aikin Munsteiner na hannu ne da ido, kowane dutse da nasa fasali. Abin da ya rage shi ne a sami hanyar da za a jera kwarmi a kewayen dutse cikin tsari, kowane daidai da ɗan'uwansa, kamar yadda ake jera shimfiɗaɗɗun fuskoki. Wanda ya yi wannan shi ne Douglas Hoffman, maƙerin na'urorin Polymetric a jihar Washinton ta Amurka. A farkon shekarun 1990 ya fito da na'urar da ya sa wa suna OMF. A maimakon faifai, sai ya sa wata mulmulalliyar sanda wadda take juyawa, tana kuma kai da komowa a lokaci guda. Zan kira wannan sanda mazari, saboda juyawarta. Ana shafa mata garin daimon, a sauko da dutse a kanta, sai bayan mazarin ya ci dutsen ya bar kwarmi daidai da siffarsa. Abokinsa Richard Homer na jihar Ohayo shi ya ɗauki na'urar ya yi shekaru yana gwaji, ya kai salon ga kamala, ya kuma ci kyaututtuka da dama a gasar sassaƙa ta ƙungiyar 'yan kasuwar jauhari ta Amurka.

Amfanin salon yana cikin wani abu mai sauƙin fahimta. Fuskar da ta lotsa in an dube ta daga waje, tudu ce ga hasken da yake cikin dutsen. Madubi mai tudu kuwa baza haske yake yi, kamar yadda bayan cokali yake nuna ɗaki gaba ɗaya. Shimfiɗaɗɗiyar fuska walƙiya take yi ta ɗauke, gwargwadon yadda aka juya dutsen. Mai kwarmi kuwa tana tattaro haske daga wurare da yawa, sai dutsen ya zama kamar an kunna masa fitila a ciki. Shi ya sa akasari gindi ake yi wa kwarmi, a bar kai a shimfiɗe.

Wahalhalun mai koyo

To, a nan muka iso ga zuciyar maganar. Mai koyon wannan salo dole ya fara ƙwarewa a tsohon, domin yawanci sai an fitar da siffar dutse a kan faifai kafin a kai shi ga mazari. Amma da ya tsaya gaban mazari, sai ya tarar gadon da yake taƙama da shi ya ragu a hannunsa.

Wahala ta farko ita ce ta karkata. A da, fuska guda lamba guda. Yanzu lambar da ya sa a ma'auni gaskiya ce a tsakiyar kwarmin kawai; daga nan zuwa gefe, fuskar tana ta sauya inda ta dosa. Saboda haka lissafin kusurwar iyaka da ya haddace bai ishe shi ba. Bugu da ƙari, an ƙara masa wani zaɓi da bai san shi ba a da, watau kaurin mazari. Siririn mazari yana ba da kwarmi mai zurfi, kakkaura kuma yana ba da wanda ya kusa shimfiɗewa, kuma abin da ya dace da ƙaramin dutse ba zai dace da babba ba. Manhajojin farko da aka saba da su don shimfiɗaɗɗiyar fuska aka yi su, saboda haka sau da yawa sai ya yanka sa'an nan ya gani.

Ta biyu ita ce ta mahaɗa. Kwarmi biyu in sun haɗu, lanƙwasasshen layi suke bayarwa, kuma ido bai saba da auna lanƙwasa ba kamar yadda ya saba da miƙaƙƙen layi. Zurfi da faɗi kuma a ɗaure suke da juna: in aka ƙara zurfi kamar kaurin gashi, kwarmin zai buɗe ya ci na maƙwabcinsa. Abin da aka gurje ba ya dawowa. Gyaran fuska ɗaya yakan tilasta a sake bin sauran duka, dutsen yana ta raguwa.

Ta uku, wadda masu sana'ar suka fi kuka da ita, ita ce gogewa. Ba a samun sheƙi da mazari ɗaya. Ana farawa da gari mai kaushi, a bi da mai laushi, a ƙare da wanda ya fi kwalli laushi, kuma kowane mataki da mazarinsa, wani na jan ƙarfe, wani na abu mai taushi da yake riƙe garin gogewa. Tilas dukansu su zo kauri ɗaya, su kuma zauna wuri ɗaya. In mazarin gogewa ya fi kwarmin sirantaka, tsakiya kawai zai taɓa. In ya fi shi kauri, gefuna biyu zai taɓa ya bar tsakiya a dushe. Ga shi kuma mazari yana cinyewa da aiki, wanda ya dace jiya ba lalle ne ya dace yau ba. A kan faifai mutum yana iya matsawa wani wuri ko ya sauya hannu in fuska ta ƙi goguwa. A kan mazari hanyar ƙunci gare ta. Daɗin daɗawa, ƙwayar gari mai kaushi guda ɗaya in ta ɓata ta hau mazarin ƙarshe, za ta ja zane a fuskar, aikin yini ya koma baya.

Ta huɗu ita ce zaɓen dutse. Salon bai karɓi kowane dutse ba. Ya fi dacewa da masu haske da garau kamar akwamarin da tofaz da kwaz. Dutse mai duhun launi yakan ƙara duhu, kuma in akwai tsaga ko ƙura a cikinsa, maduban da suke baza haske za su baza hoton aibin ma. Daimon kuwa ba kasafai ake yi masa ba, domin taurinsa ya bambanta daga wannan fuska zuwa waccan, ba ta kowane gefe yake ciyuwa ba.

Ta biyar ita ce tsada. Jauhari da nauyi ake sayar da shi, karat ɗaya kashi ɗaya cikin biyar na giram. Ko a tsohon salo, sau da yawa abin da yake saura bayan sassaƙa bai wuce sulusi ba, kwarmi kuma ƙarin rami ne, ƙarin asara. Lokacin aikin ya ninka, ga kuɗin na'ura ta biyu. Mai koyo yakan fara da gilashi ko kwaz mai araha, amma kwaz ɗin ma an san shi da taurin kai wajen gogewa.

Wahala ta ƙarshe ita ce uwar sauran: ƙarancin malamai. Salon bai kai shekara 40 da haihuwa ba. Yaron Idar-Oberstein na da yana tashi ne cikin ƙarar dutsen niƙa, kunnensa ya san sautin aiki mai kyau tun hannunsa bai taɓa shi ba. Abubuwa irin su ƙarfin dannawa, da saurin juyawa, da sanin lokacin da za a ɗaga hannu, ba su cika rubutuwa a takarda ba, a gefen gwani ake ɗaukarsu. Wanda ba shi da gwani a kusa, dutse ne malaminsa, kuma kuɗin makarantarsa shi ne duwatsun da ya ɓata.

Kammalawa

Jama'a, abin da tarihin nan yake nuna mana shi ne, sauƙin da muke gani a tsohuwar sana'a wahalar mutanen da ce da aka riga aka biya. Mai koyon kwarmi a yau yana tsaye ne kusa da inda masu faifai suka tsaya kafin Tolkowsky: yana da kayan aiki, amma lissafin bai gama zama gado ba. Yau da gobe, in ji Hausawa, ita ke sa allura ginin rijiya. In waɗanda suka ƙware suka rubuta abin da ke rubutuwa, suka kuma zaunar da almajirai don abin da ba ya rubutuwa, wata rana shi ma wannan salo za a naɗe shi a shafi guda.

Maganar ta shafe mu ta hanya ɗaya bayyananniya. Allah ya albarkaci ƙasar nan da irin duwatsun da salon ya fi so. Ana haƙo tofaz da akwamarin da turmalin a jihohin Filato da Nasarawa da Kaduna, ga shuɗin yaƙutu a tsaunin Mambila. Mafi yawansu ɗanye suke fita zuwa Bankok da Idar-Oberstein da makamantansu, a can ake sassaƙa su, a can kuma mafi yawan ribar take zama. Idar-Oberstein ta rasa aƙiƙ ɗinta tun ƙarni na 19, amma ba ta rasa matsayinta ba, domin ilmin yana hannun mutanenta. Wanda yake son ya ga 'ya'yanmu sun kai ga mazari, sai ya fara sama musu faifai da malami, da kuma kalmomin da za a koyar da su a cikin harshen da suke tunani da shi. Wannan na ƙarshe aikinmu ne mu malaman Hausa, kuma kalmomin da na gwada a yau, irin su kwarmi da mazari da kusurwar iyaka, na ajiye su gabanku ne domin a gyara.